A Bar Mana Tsohon Cocin Wusasa Da Ƙasarsa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta tashi a cikin motar makaranta, ran da Ƙungiyar Tarihi ta kai mu Wusasa, a gefen Zariya, muka ga tsohon cocin Sen Batolomi. Wani abokina ya ce shi bai ga abin kallo ba, ginin ƙasa ne kawai irin na kakarsa a ƙauye. Wai da shi ke da iko sai ya sa a rushe a yi na bulo, ko a ƙalla a shafe shi da siminti ya yi kyan gani. Na yi shiru a mota don ya fi ni baki. To, ga amsata.

Tun a 1900 Turawan mishan na C.M.S. suka isa Kano, cikinsu har da Likita Mila, amma Sarki Alu ya ce su koma. Daga baya Mila ya zauna cikin birnin Zariya shekara da shekaru yana magani yana koyarwa, har a 1929 aka mai da mishan ɗin Wusasa. A lokacin ne aka gina wannan coci. Abin lura, ba su kwaikwayi cocin Ingila mai dutse da doguwar hasumiya ba. Maginan ƙasar nan aka sa, suka yi shi yadda suka saba yi wa sarki soro.

Da muka shiga rana ta take, amma ciki sanyi ƙalau, ba fanka. Malaminmu ya sa muka dafa bango muka ji kaurinsa. Ya ce ƙasa takan shanye zafin rana a hankali, ba ta sakinsa sai dare ya yi. Sannan muka ɗaga kai muka ga bakan gizo. Magini yakan dasa azara ta giginya cikin bango, ya ɗaura wata bisa wata tana ɗan leƙowa gaba, haka daga ɓangare biyu har su gamu a tsakiya, sa'an nan ya lulluɓe da ƙasa. Azara kuwa gara ba ta cinta da sauƙi. Ba ƙarfe, ba kankare, ga shi kuma gini ya doshi shekara 100. Ɗakin kwananmu na bulo bai kai rabin wannan ba, amma mun san inda muke tara bokiti da damina.

Sai maganar siminti. A nan abokina ya yi kuskure babba, kuma manya da yawa suna yinsa. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa. In aka rufe shi da siminti, ran da simintin ya tsage ruwa zai shiga ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe daga ciki tana zubewa, mutane kuwa suna ganin waje sumul suna murna. Abin da ginin ƙasa ke so shi ne yaɓe a kan kari, da makuba, da gyaran indararo kafin ruwan fari. Wahala ce, na yarda. Amma wahalar ce ke sa a riƙa neman magini, shi kuma ya koya wa ɗansa.

Bayan coci sai muka zaga wajen kaburbura. Wasunmu sun ɗan ja da baya, ni ma da fari haka. Na tsaya ina karanta sunayen da ke jikin duwatsu, na ga da yawa irin namu ne, waɗanda ake kira kowace safiya a aji. Wannan ƙaramin gari ya fitar da mutanen da muke haddacewa don jarrabawa. Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, ɗan wannan mishan ne. Haka Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Likita Mila ma sunansa ba zai ɓata ba, don yana cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda ya fito a 1932.

Amma wa ya kwaɓa ƙasar? Wa ya ɗaura azarar? Na duba ban ga sunan magini ko ɗaya ba, kuma wannan ya tsaya mini a rai. Wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, Babban Gwani Malam Mika'ilu, kowa ya san shi, ko da yake shi ma aikinsa an kewaye shi da sabon gini a shekarun 1970, sai an shiga ciki ake ganin abin da ya rage. Maginan Wusasa kuwa ba su da dutsen tunawa sai bangon nan. In aka rushe shi, an shafe su ke nan.

Wani zai ce ina ruwan wanda ba Kirista ba da coci? Ibadar da ake yi ciki ta masu ita ce. Amma hannun da ya yi bakan gizon nan da wanda ya yi na masallaci da na fada duk sana'a ɗaya suka gada, kuma ta iyayenmu ce gaba ɗaya.

Saboda haka ina roƙon Ƙungiyar Tarihi, in za mu koma, mu tafi da littafi da fensir, mu nemi tsofaffin Wusasa da gidajen magina na cikin birni, mu tambaye su ko akwai mai tuna wanda ya yi aikin nan. Iyayenmu da ke karanta wannan mujalla, in akwai wanda ya taɓa jin labari wurin kakansa, don Allah ya aiko mana ta hannun ɗansa bayan hutu. Abokina kuwa na riga na rubuta sunansa cikin masu tafiya.