Itacen da ba a ƙona ba, wa ya auna shi?

A kasuwar Gaya mai saye yana ganin abin da ya biya: ya cusa hannu cikin buhun gero, ya duba haƙoran akuya. A kasuwar kabon kuwa, abin da bai faru ba ake sayarwa. Kamfani zai raba wa mata murhu mai tsimin itace, a ba shi takardar shaida kan kowane tan na iskar kabon da ya ce an hana tashi, shi kuma ya sayar wa masu gurɓata iska a Turai da Amurka, su cire daga lissafinsu.

To, daga nawa aka rage? Amsar ita ce ma'aunin tushe, wato hasashen hayaƙin da zai tashi da ba a kawo aikin ba. A ce takarda ta nuna gida yana ƙona tan 4 na itace a shekara, bayan sabon murhu ya koma tan 2. An rage 2 ke nan. Idan kuwa tun asali tan 3 gidan yake ƙonawa, ragin 1 ne kacal, rabin takardun da aka sayar holoƙo ne. Mai aikin yana ƙara samun kuɗi duk lokacin da ya kumbura adadin farko.

Duk wanda ya san ƙauyukan Gaya da Ajingi ya san inda irin wannan lissafi zai karye. Bayan kaka, gidaje da yawa da karan gero da na dawa suke girki har tsawon watanni. Karan bana a damina ya tsiro, ya shaƙi kabon ɗinsa daga iska, baɗi wani zai maye gurbinsa. Ƙa'idar lissafin kanta itacen da ake sara fiye da yadda yake tofowa kawai take ƙirgawa. Ga kuma tukunyar tuwon babban gida, wadda sau da yawa takan ci gaba da zama bisa duwatsu uku, sabon murhu ya koma na miya da ruwan shayi.

Wannan matsala ta riga ta bayyana. A watan Janairun 2024, masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun wallafa a mujallar Nature Sustainability cewa ayyukan murhu da suka duba sun karɓi takardun da suka ninka ainihin ragin kusan sau 9. Asarar kanmu take faɗawa. Wanda ya sayi takardar banza zai ci gaba da sakin hayaƙinsa, zafin bazara ya ƙaru a nan. Ranar da masu saye suka daina yarda da kasuwar kuma, aikin kirki ma zai rasa kuɗi, matar da hayaƙi ke lalata wa ido da huhu ta koma gidan jiya.

Ina goyon bayan murhun zamani; ma'aunin da aka ƙiyasta daga ofis ne nake adawa da shi. Najeriya ta kafa dokar sauyin yanayi a 2021, da majalisar ƙasa mai kula da lamarin. Ya kamata majalisar ta wajabta cewa kafin a raba murhu ko ɗaya, a auna makamashin gidaje da sikeli, a damina da hunturu da bazara, a ware kara daban da itace. A ba masu bincike masu zaman kansu, irin na Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, damar tantancewa. A kuma rubuta alƙaluman da Hausa a kai wa dagatai da masu unguwanni, domin matar da ake lissafi da murhunta ita ta fi kowa sanin damin itace nawa ke shiga gidanta a mako.