Ajiya Iri Biyu a Ƙissar Banu Isra'ila: Tunatarwa ga Fataken Dawanau

Godiya ta tabbata ga Allah Mai ciyar da bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a cikin watan Fabrairu na 2024, sa'ad da kwanon gero ya nemi ya gagari talaka, hukumar karɓar koke-koke da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta tafi Dawanau ta rufe ɗakunan ajiya guda 10, bisa zargin an ɓoye abinci ana jiran tsada. Masu kaya suka ce su dai ajiya suka yi irin ta fatauci. Tun daga nan gardama ta shiga rumfuna da zauruka. Mai kare ajiya yakan kafa hujja da Annabi Yusufu, mai sukarta kuwa da mutanen Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare su. Ƙissoshin nan biyu na gida ɗaya ne, watau zuriyar Annabi Yakubu, wanda shi ne Isra'ila, saboda haka ya kamata a jera su a duba.

Ta farko sananniya ce ga kowane almajiri da ya kai Suratu Yusufa. Sarkin Masar ya yi mafarkin shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, da zangarniya bakwai ɗanyu da waɗansu busassu. Annabi Yusufu ya fassara, ya kuma ba da shawara a yi noma shekara bakwai, a bar abin da aka girbe cikin zangarniyarsa, sai kaɗan da za a ci. Manomin ƙasar Kano ba ya bukatar sharhi a nan. Ya san damin da aka sa a rumbu ba a sussuka ba ya fi tsaba jimrin ƙwari, kuma da irin wannan tattali ne kakanni suka riƙe ƙasa mai yawan jama'a da ƙarancin fili, wadda ake nomawa kowace shekara ba hutu, da takin da jakuna ke ɗaukowa daga birni. Yunwar 1914 da farin 1973 sun nuna abin da ke samun gidan da ba shi da tsohon hatsi.

Amma fa a lura da abin da ya biyo baya. Da fari ya zo, Annabi Yusufu buɗe taska ya yi. Ya yi awo da ƙa'ida, kowane mutum kayan raƙumi guda, har baƙi daga ƙasar Kan'ana suka samu. 'Yan'uwansa da suka jefa shi rijiya, ya cika musu mudu, ya sa aka mayar musu da hajarsu cikin kayansu. Ya tara a lokacin yalwa, ya fitar a lokacin ƙunci. Wanda ya bi kasuwannin ƙauye a tsakiyar marka yana kwashe ɗan abin da ya rage, ya kulle, yana jiran buhu ya ninka, ya juya aikin Annabin baibai ne, ba shi da rabo cikin wannan hujja.

Waɗansu masu bincike sukan ce ai a Attaurar da ke hannun Ahlul Kitabi, a babi na 47 na Littafin Farawa, an faɗa cewa Misrawa sun sayi hatsin da kuɗinsu, sa'an nan da dabbobinsu, sa'an nan da gonakinsu. Alkur'ani bai kawo wannan ba, kuma ƙa'idar malamai a kan irin waɗannan labarai ita ce ba a gaskatawa, ba a ƙaryatawa, balle a gina hukuncin kasuwa a kansu. Ko a can ma, taskar hukuma ce ake magana a kai, ba siton wani attajiri ba.

Ƙissa ta biyu ta faru bayan ƙarnuka, sa'ad da jikokin waɗannan mutane suka fita Masar, suka yi shekara 40 suna ɗimuwa a jeji. Allah ya saukar musu da mannu, wani abu mai zaƙi kamar darɓar da ke kan ganyen dawa, da tsuntsun salwa, ba noma ba girbi. Masu Tafsirin Jalalaini sun bayyana cewa an hana su ajiya, suka ajiye, aka yanke musu. Babi na 16 na Littafin Fitowa ya ƙara da cewa kowa mudu guda yake ɗiba a yini, wanda ya bar saura ya kwana sai ya tarar ya yi tsutsa yana wari, in ban da jajiberin Asabar da ake ɗibar rabo biyu bai lalace ba.

To, me ya sa aka yabi ajiyar shekara bakwai, aka zargi ta dare ɗaya? Domin mutumin jeji ya ga teku ta tsage da idonsa, yana cin abincin sama kullum safiya, duk da haka zuciyarsa ta ce watakila gobe ba za a ba shi ba. Mummunan zato ga Mai bayarwa shi ne ya cika tukunyarsa. Annabi Yusufu kuwa ilmi aka ba shi na abin da ke tafe, ya yi aiki da shi domin jama'a. Hannu iri ɗaya ne ke zuba hatsi a buhu, abin da ke tura hannun ne ya bambanta.

Malaman Malikiyya ba su haramta ajiya kacokan ba, kuma wajibi ne masu wa'azi su yi wa 'yan kasuwa adalci a nan. Ya tabbata Manzon Allah yakan tanadar wa iyalinsa abincin shekara. A babin zakka, Risala ta bambanta mai jujjuya haja kullum da mai riƙe kaya har ya sami kasuwa, kowa da hukuncinsa, wanda ke nuna ana sane da na biyun. Kasuwa irin ta Dawanau, wadda aka kafa a 1985 a kan hanyar Katsina, tana ciyar da Kano da Kudu da Nijar da Chadi da Kamaru, ba ta yiwuwa sai da sito. Da ba mai saye da kaka, da manomi ya zubar da amfaninsa a wulaƙance, da bazara kuma a rasa. Tsadar 2024 ma ba ɓoyo kaɗai ya haife ta ba: cire tallafin man fetur a 2023, da faɗuwar Naira, da 'yan bindiga da suka hana noma a Zamfara da Katsina duk suna ciki. Abin da Imamu Malik ya hana shi ne riƙon da ke cutar da kasuwa, kuma idan lalura ta kai, mai mulki na da ikon tilasta a fitar a sayar. Hadisin Muslim ya kira mai irin wannan riƙo mai saɓo.

Da farashi ya faɗi a 2025, masu jiran tsada da yawa sun tafka asara, har ana ta cewa ga tsutsar mannu ta fito. A yi hattara da wannan magana. Faɗuwar ta haɗa da manomin da ya ci bashin taki bai ɓoye ko tiya ɗaya ba, kuma ba kowace asara ce azaba ba, kamar yadda ba kowace riba ce yarda ba. Iyakar abin da ta nuna shi ne babu falken da aka nuna wa shanu bakwai a mafarki.

Ga kaka tana zagayowa kowace shekara, masu kuɗi za su sake cika sito, kuma halal ne. Sai dai kowa ya ƙudurce tun ranar saye a kan wane hali zai buɗe. Idan dillali ya zo da labarin cewa a ƙauyukan Dawakin Tofa ana kwana ba a ɗora tukunya ba, lokacin buɗewa ke nan, ko da lissafi ya ce a ƙara wata guda.