Dawo da tsoffin wasanni kan dandali: na jama'a ne ko na masu kuɗi?

Tun da bankuna suka gyara babban ɗakin wasanni na ƙasa da ke Legas, aka kuma sa masa sunan Wole Soyinka a 2024, maganar wasan daɓe ta sake tasowa. Mu ma nan Arewa ai muna da abin dawowa da shi: Wasan Marafa na Abubakar Tunau, Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina.

Matasa da yawa a aji kawai suka san littattafan nan, don cin jarrabawa. Alhali an rubuta su ne don a taka a gaban mutane. Kuma har yau ba su tsufa ba. Mijin da ke wulaƙanta matarsa a Uwar Gulma, da alhajin da ke ruɗar 'yar makaranta da kuɗi a Kulɓa Na Ɓarna, wace unguwa ce babu irinsu?

Hanyar ma ba baƙuwa ba ce. Tun shekarun 1970 ɗaliban dirama na Jami'ar Ahmadu Bello ke shiga Samaru da ƙauyukan Zariya, su saurari matsalar mutane, su mayar da ita wasa, a kalla a fili, sannan a tattauna. Kannywood ɗin kanta daga ƙungiyoyin dirama ta fito, irin su Tumbin Giwa da ta yi Turmin Danya a 1990.

To ina matsalar? Kuɗi. Gaskiya ɗan wasa ba zai ci tafi ya ƙoshi ba, dole a biya shi. Amma da zarar an kai wasan babban otal an tsauwala tikiti, mai shayi da ɗan Keke Napep sun fita, alhali labarinsu ake bayarwa. Sai mai ɗaukar nauyi ya ce a sassauta wajen da ya taɓa masu hali, a cusa waƙa da rawa, a kawo jarumin da ke tashe ko bai iya riƙe dogon zance a gaban jama'a ba. A dandali kuwa babu "a sake ɗauka".

Mafita ita ce a raba ƙafa: daren tikiti ya biya kuɗin wasan kyauta a filin makaranta ko ƙofar fada. A nemi izinin magadan marubuci, a ba su haƙƙinsu. Kamfani ya liƙa tallarsa a bango, amma kada ya sa hannu a labari. In ba haka ba, za a cika ɗaki da 'yan hoto, mutanen unguwa kuma su ji labari a TikTok.