Taliyar Italiya da Tuwon Gidanmu: Ina Marubutanmu Suka Dosa?

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo cikin ƙagaggun labaranmu, wadda in ba a yi mata magana tun yanzu ba, nan gaba sai ta zama ƙa'ida. Da zarar marubuci ya so ya nuna mana cewa tauraronsa ya waye, ko ya tara abin duniya, sai ya sa shi ya ɗauki budurwa a mota mai baƙin gilashi su nufi "wani haɗaɗɗen gidan cin abinci na Italiyawa". A can za a kawo musu fiza da sufageti da wasu sunaye masu karya harshe, su ci da cokali mai yatsu, su yi hira rabi Hausa rabi Turanci. In kuwa ka ga tuwo a littafin, to ka tabbata an shiga gidan talaka, ko an koma ƙauye wajen kaka. Ni a ganina akwai kuskure biyu a nan: rashin sanin abin da ake kwaikwayo, da raina abin da ake da shi. Kada 'yan'uwa su ji haushi, gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Bari mu fara da na farko. Wai shin mene ne wannan gidan abinci a wajen masu shi? A Italiya, gidan abinci na unguwa shi ake kira tiratoriya. Yawanci na iyali guda ne, uwa ko uba na ɗakin girki, 'ya'ya na rarraba faranti. Abin da ake dafawa ba shi da yawa, wani lokaci a allo ake rubuta shi, wani lokaci mai gidan ne zai faɗa maka da baki. In za a ci cikakken abinci, akan fara da ɗan abin taɓawa, a kawo taliya ko shinkafa ko romo, sannan nama ko kifi da ganye, a rufe da kayan marmari ko kayan zaƙi da ɗan ƙaramin kofin gahawa. Masu zuwa kuwa maƙwabta ne da ma'aikata da tsofaffin da suka san kujerarsu. A taƙaice dai, mai tuwon unguwarsu ce.

Kuma abincin kansa, akasarinsa na talakawa ne. A arewacin ƙasar akwai wanda suke kira folenta, wanda ba kome ba ne illa tuwon masara. Manoman yankin sun rayu a kansa a ƙarni na 19, har cutar fata ta rashin cin abinci mai gina jiki ta addabe su saboda ba su da mahaɗi. A yankin Tuskani akwai ribolita, watau busasshen burodi da wake da kabeji da akan sake tafasawa washegari. Ma'anar sunan ma ke nan, abin da aka sake tafasawa. Jama'a, in wannan ba ɗumame ba ne, mene ne? Fiza kuwa a titunan birnin Napoli ta tashi, abincin 'yan dako da masu ƙaramin ƙarfi. Talauci ne ya kori miliyoyin Italiyawa zuwa Amurka tsakanin 1880 da 1920, suka tafi da tukwanensu, har aka buɗe shagon fiza na Lombardi a birnin Nuyok a 1905. Daga nan duniya ta san abincinsu. To ka ga marubucin da ya guji tuwo da ɗumame don ya burge mai karatu, ya sa Alhajinsa ya biya kuɗi masu yawa ya ci tuwo da ɗumamen wasu. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Rashin sanin ma bai tsaya nan ba. Sau da yawa za ka ga an sa sunan abinci a bakin jarumi don kawai sunan yana da daɗin faɗa. Kabonara, wadda ta shahara a birnin Roma, da ƙwai da cuku da masoro da naman kumatun alade ake haɗa ta. Miyar nama ta birnin Bolonya, a asalinta, akwai naman alade da giyar inabi a ciki. Gaskiya ne masu gidajen abinci a ƙasashen Musulmi sukan musanya da naman sa. Amma marubucin da ya kai Hajiyarsa Roma, ya ɗora mata wannan faranti bayan ta idar da sallar Magariba, bai ce uffan ba, ya nuna mana cewa bai san abin da alƙalaminsa ya rubuta ba. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Yanzu ga darasin da ya fi shafar mu a wannan ƙungiya. Lokacin da Italiya ta zama ƙasa ɗaya a 1861, 'yan ƙalilan ne cikin mutanenta ke jin daidaitaccen Italiyanci, kowane yanki da karin harshensa. A 1891 wani tsohon ɗan kasuwa mai suna Pellegrino Artusi, yana da shekara 71, ya rubuta littafin girke-girke. Kamfanonin ɗab'i suka ƙi karɓa, sai ya buga kwafi 1,000 da kuɗin aljihunsa, kamar dai yadda da yawa daga cikinmu ke yi. Ya fara da girki 475. Matan aure daga sassan ƙasar suka riƙa aiko masa da wasiƙu da nasu girke-girken, yana gwadawa yana ƙarawa, har suka kai 790 a lokacin rasuwarsa a 1911. Ya rubuta shi da harshe mai sauƙi da barkwanci, ya sa jerin ma'anonin kalmomin girki. Littafin ya shiga gidajen da littattafan adabi ba su taɓa shiga ba, ya taimaka wajen yaɗa harshen ƙasa. Haka kuma Andrea Camilleri, mutumin tsibirin Sisili wanda ya rasu a 2019, da ya ƙirƙiro ɗan sandansa Montalbano a 1994, bai kai shi Faransa cin abinci ba. Gidan abincin garinsu yake kai shi, ya ci kifin tekunsu, kuma ba ya son a yi masa magana yana ci. An fassara littattafan nan zuwa harsuna da dama, masu karatu a ƙasashe masu nisa suka san abincin Sisili ta dalilinsu.

Kishin bai tsaya a takarda ba. Da kamfanin McDonald's ya buɗe reshe a tsakiyar Roma a 1986, Carlo Petrini da abokansa suka tashi tsaye, abin da ya haifar da ƙungiyar Slow Food mai kare abincin gargajiya da ƙananan manoma. A 2022 wani ɗan Uganda, Edward Mukiibi, ya karɓi shugabancinta. A 2017 kuma hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu yin fiza na Napoli cikin kayan gadon ɗan'adam. Wa ya hana a yi wa kilishi ko gurasa irin wannan hidima?

Na san abin da za a ce. Za a ce ai marubuci madubin al'umma ne, kuma masu hali a Abuja da Kano suna zuwa irin waɗannan wurare. Na yarda. Ban ce a kulle jarumai a tsakar gida ba, ban kuma ce baƙon abu haramun ne ba. Tumatirin da Italiyawa ke alfahari da shi daga nahiyar Amurka ya zo musu a ƙarni na 16, kamar yadda masara da rogo da gyaɗa da barkono suka zo mana daga can. Matanmu ma sun karɓi taliya tun da daɗewa, suka murza ta da hannu, suka shanya a igiya, suka ci da manja da yaji, ta zama tamu. Wannan shi ne aro na masu hankali. Amma madubin da ba ya nuna tuwo sai a gidan matsiyaci, ya daina nuna gaskiya, ya koma koyar da ƙyamar kai.

Illar kuwa muna ganin ta a aji. Ka ce wa ɗalibi ya rubuta insha'i a kan yadda ake tuƙa tuwo, sai ka tarar bai san talge ba, bai san ruɗe ba, bai bambance muciya da maburgi ba, mara da akushi kuwa sai ka ce da wani yare kake magana. Amma ya haddace sunayen abincin da bai taɓa ɗanɗanawa ba, daga littattafanmu da fina-finai. Kalmar da ba a rubuta ba, ranar da tsohuwar da ta san ta ta kwanta dama, da ita za a binne ta.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa, musamman masu tasowa. In za ka kai jaruminka gidan abincin Italiyawa, ka bincika ka san abin da ke cikin farantinsa. In kuma attajiri ne na gaske, ka bar shi ya zauna a tabarma ya ci dashishi ko burabisko ko funkaso da miyar taushe, ka sa mu ji ƙamshin daddawa da man shanu. Ina kuma roƙon wannan ƙungiya ta ɗauki nauyin tattara girke-girkenmu da kalmominsu daga bakin iyayenmu mata, daga Sakkwato zuwa Damagaram, a buga su littafi guda. Wanda ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya sa mu gane, amin.