Takardar Inshorar Bogi da Gonar Gado



A kakar da ta wuce wani maƙwabcinmu ya ɗauko gero a 'yar a-kori-kurarsa zai kai kasuwar Ɗambatta, birki ya ƙwace masa, ya afka wa wata amalanke. Allah Ya tsare rayuka, amma shanun huɗa biyu suka karye, nan take aka yanka su. Da aka zauna gaban dagaci sai ya zaro takardar inshorarsa. Ƙanensa, wanda ɗalibina ne, ya duba lambar motar ta waya a rumbun bayanan inshora na ƙasa, ya tarar babu ita. Ashe a gindin bishiya aka buga masa takardar. Ƙarshenta gonar da ya gada ya jinginar, ya biya mai shanu. Wanda ya san yankinmu ya san nauyin wannan, domin gona a jikin gona take, babu sauran dajin da mutum zai je ya sara.

Abin da ya fi damuna shi ne hujjarsa. Ya ce tun da inshora haramun ce, gara ya sayi mafi araha, wadda zai nuna wa 'yan sanda kawai. Na sha jin wannan magana a bakin matasa masu kishin addini, kuma ina ganin kuskure ce babba.

Gaskiya ne Majalisar Fiƙihun Musulunci da ke Jidda ta yanke hukunci a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda yawan gararin da ke cikinta, wato rashin sanin abin da kowane ɓangare zai bayar ko zai karɓa. Amma a wannan zaman dai ta halatta inshorar taimakekeniya, wadda aka gina kan kyauta. Mu sai muka haddace rabin fatawar, muka bar rabi. To, ya ɗan'uwa, a wane babin fiƙihu takardar bogi ta faɗa? Ƙarya ce a rubuce, kuɗinka kuma ya tafi aljihun mayaudari. Malamai da yawa sun yi rangwame ga wanda doka ta tilasta wa yin inshorar mota, saboda larura. Wannan rangwamen bai shafi takardar jabu ba, musamman da yake ita inshorar dole ta mota ba don kai aka yi ta ba, don wanda za ka yi wa ɓarna ne. Haƙƙin mai amalanke ka yi wasa da shi.

A nan ne dokar lasisi take da amfani. Tsarin mulkin 1999 ya sanya inshora cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka majalisar jihar Kano ba ta da ikon ba kamfani lasisi; iyakarta irin asusun taimakekeniyar lafiya da ta kafa da dokar 2016. Hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ce mai bayar da lasisi da janye shi. A watan Agustan 2025 aka sa hannu kan sabuwar doka da ta maye gurbin ta 2003, ta ɗaga jarin kamfanin inshorar dukiya zuwa naira biliyan 15, don kada ranar biya ta zo a ce babu. Ni a wurina wannan aikin muhtasibi ne, wanda a da yake zagaya kasuwa yana duba mudu da sikeli. Ba na cewa hukuma ba ta da sakaci. Amma mai lasisi yana da ofishi da inda za a kai ƙararsa, na gindin bishiya kuwa gobe ma ba za ka gan shi ba.

Uzurin rashin mafita ma ya kau. Sudan ta buɗe kamfanin inshorar Musulunci tun 1979. A nan gida NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, ta wajabta wa kowane kamfani kwamitin masana Shari'a, kuma a 2016 Noor Takaful da Jaiz Takaful suka sami lasisi. Tsarin ba baƙo ba ne ga wanda ya san gayya: kowa ya zuba cikin asusu da niyyar taimako, wanda musiba ta sama a biya masa, kamfani ya ɗauki ladan wakilci, rarar kuma haƙƙin masu zubi ce. Manzon Allah (SAW) ya yaba wa Ash'arawa saboda in abinci ya yi musu ƙaranci sukan tara abin da ya rage su raba daidai. Sai dai kada sunan Larabci ya ruɗe ka. Tambayi nawa ne ladan wakilcin, ina ake juya kuɗin, yaya ake raba rara. Kuma dole in faɗa, masu wannan harka sun fi zama a birni, takardunsu da Turanci. Direban Makoɗa ko Kunci bai taɓa ganin wakilinsu a tasha ba, dillalin bogi kuwa kullum yana nan.

Tun Janairun 2023 inshorar dole ta ƙaramar motar gida naira 15,000 ce a shekara, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har ta naira miliyan 3. Ku da ke da waya da intanet, ku karɓi takardun motar babanku ko yayanku ku duba lambar, ku duba sunan kamfanin a jerin masu lasisi na NAICOM. Maƙwabcin namu ya sake yin takarda, ta gaskiya wannan karon, amma daminar bana wani ne zai shuka gonar mahaifinsa. Allah Ya hore masa abin fansarta.

Wallahu a'alam.