A gwada jini kafin a sha maganin ƙarin jini

Jama'a, a Zonkwa da mutum ya ji kasala ko jiri, sai mu tura shi kemis ya sayo maganin ƙarin jini. Wannan ganganci ne. Akwai wanda cikinsa ba ya iya tsotsar bitamin B12 daga nama, ƙwai da nono, kuma yawanci allura yake buƙata muddin rai. In folik asid kawai ya sha, jinin zai gyaru, amma jijiyoyi na ci gaba da lalacewa: ƙafa ta riƙa mutuwa, mantuwa ta shigo. Mu fara zuwa asibiti, nan ko Kafanchan, mu nemi a auna B12, musamman dattawanmu da masu shan metformin don ciwon suga. Allah Ya ƙara mana lafiya.