KULLUTU A WUYA DA HOTON DA KE NUNA DAJI YANA CIN SUKARI



Yau ba haɗin magani na kawo muku ba. Magana ce, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba, amma ku daure ku karanta har ƙarshe.

Akwai wani saƙo da ke yawo a wayoyinmu, ni kaina an turo min shi ya fi sau uku. Wai likitocin Turai sun gano ciwon daji sukari yake ci, har akwai na'urar da ke nuna shi yana ci, saboda haka mai daji ya bar tuwo da shinkafa da kunu, ciwon zai mutu da yunwa. Ban ɗauki abin da zafi ba sai da wata baiwar Allah daga wajen Bakori ta yi min magana. Maigidanta yana da kullutu a gefen wuya wata huɗu ke nan, ba ya ciwo, amma muryarsa ta dishe. An yi ƙaho, an shafa abin da za a shafa. Yanzu ta hana shi tuwo, tana tambayata ko zumar ma a daina. Ƙaninta kuma ya ce a sayar da masarar bana a tafi Legas a yi wannan hoton.

Rabin saƙon nan gaskiya ne, shi ya sa yake da haɗari.

Tun wajen shekarun 1920 wani masani ɗan Jamus, Otto Warburg, ya lura cewa ƙwayoyin daji suna zuƙar sukari fiye da lafiyayyen nama. A kan wannan aka gina hoton da ake kira PET. Za a ce ka bar cin abinci kamar awa 6, ruwa kawai. Sai a yi maka allurar wani abu mai kama da sukari wanda aka liƙa masa sinadarin da ke fitar da haske, haske da ido ba ya gani amma na'ura tana gani. Ka kwanta shiru kamar awa ɗaya. Duk inda ke cin sukari da haɗama a jikinka zai tara wannan abu, sai wurin ya fito jawur a hoto. Har lamba suke ba shi, suna ce mata SUV, wato ma'aunin yawan abin da wurin ya zuƙa. Sikanin da muka saba yi yana nuna girman kullutu ne da inda ya zauna. Wannan kuwa yana nuna ko kullutun yana aiki. Yau ana haɗa su biyun a na'ura ɗaya, PET-CT.

Ku manoma za ku fi kowa gane wannan. Ƙuduji ba ranar da ka ga jar furensa ya fara ɓarna ba. Tun yana ƙarƙashin ƙasa ya kama saiwar dawa yana tsotsa. To a ce akwai abin da zai nuna maka wane gindi ake tsotsa kafin ƙudujin ya ɓullo. Aikin hoton ke nan.

A ciwon daji na kai da wuya abin yana da amfani ƙwarai, domin wurin lunguna ne: bayan hanci, gindin harshe, cikin maƙogwaro. Sau da yawa kullutun da kake gani a wuya ba shi ne uwar ciwon ba, kaluluwa ce da ciwon ya sauko cikinta, uwar tana ɓoye a sama. Hoton yana taimaka wa likita ya lalubo ta, ya kuma ga ko ta tsallaka huhu ko ƙashi. Amma inda ya fi burge ni shi ne bayan an gama magani. Mutum ya sha gashi da kemo, kullutu ya ragu amma bai ɓace ba. Shin tabo ne kawai, ko akwai sauran rai a ciki? Hannu ba zai faɗa ba. A Ingila an yi bincike kan marasa lafiya 564 ƙarƙashin Farfesa Hisham Mehanna, aka buga sakamakon a 2016. An raba su gida biyu. Gida na farko an tsara musu tiyatar wuya kamar yadda aka saba. Gida na biyu aka jira sati 12 bayan gashi, aka yi musu PET-CT, wanda hotonsa ya nuna saura shi kaɗai aka yanka. A gida na farko an yi tiyata 221, a na biyu 54 kacal, kuma bayan shekara biyu yawan waɗanda ke raye kusan ɗaya ne. Ka ga mutane nawa aka hutar da wuƙa. Wallahi wannan ni'ima ce daga ilimin da Allah Ya sanar da bayinSa.

To me ya sa nake cewa kada a sayar da masara a ruga Legas?

Saboda hoton bai san sunan ciwo ba. Ci kawai yake gani. Ƙwaƙwalwa tana fitowa da haske domin ita ma sukari take ci. Haƙori mai ruɓa yana haske. Miki mai ruwa yana haske. Babban abin lura gare mu a nan shi ne tarin fuka: yana kama kaluluwar wuya, kuma a hoton nan yana iya fitowa tamkar daji. Mutum zai kashe kuɗin gonarsa ya dawo da takarda mai jan tabo, har yanzu bai san ko daji ne ko TB ba, alhali maganin TB kyauta ake bayarwa a asibitin gwamnati. Abin da ke raba gardama shi ne a sa siririyar allura a ɗebo ɗan abin da ke cikin kullutun, ko a gutsuro ɗan nama, a duba a ɗakin gwaji. Wannan ba sai an je Legas ba. Ana yi a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, nan kusa da mu a hanyar Zariya.

Na san abin da wani zai ce: ai daji ba ya son ƙarfe, da allura ta taɓa shi sai ya fusata. Malam, abin da ke faruwa shi ne mutanenmu ba sa yarda a taɓa sai ciwo ya ci ya cinye, in mutum ya rasu bayan nan sai a ɗora wa allura. Ƙarfen da ya kamata ka ji tsoro shi ne askar da za a tsaga kullutu da ita a zaure, ko kibiyar sakiya. Ni ina yin ƙaho, ina kuma koyar da shi, amma ban yarda a ɗora ƙaho a kan kullutun da ba a san ko mene ne ba.

Sannan na'urar ba irin wadda za a ajiye a kowane gari ba ce. Sinadarin da ake liƙa wa sukarin ba ya ajiyuwa, duk minti 110 rabin ƙarfinsa yake tafiya. Bayan awa 11 kashi ɗaya cikin 64 ne zai rage. Dole sai wurin haɗa shi yana kusa da wurin ɗaukar hoton, ga kuma wutar da ba ta ɗaukewa. Shi ya sa a ƙasar nan a Legas aka fara samun ta, a wata cibiya mai zaman kanta, kuma kuɗinta ba na wasa ba ne. Yawancin masu wannan ciwo a Arewa da gwajin nama da sikanin CT ake tsara musu magani. Idan likitan daji da kansa ya ce a yi PET, a nan ne ya cancanci a sayar da buhu. Idan ƙanin matarka ne ya gani a Facebook, a dakata tukuna.

Yanzu maganar hana abinci, wadda ita ce ta sa na zauna rubutun nan. 'Yar uwa, ki mayar masa da tuwonsa yau ɗin nan. Ko ba ki ba shi sukari ba, hantarsa za ta narka tsokar jikinsa ta yi sukari, ciwon ya ci rabonsa, shi kuma ya rame. Tambayi kowane manomi a Kafur ko Ɗanja, ƙuduji a gajiyayyar gona ya fi yin ƙarfi, ba wanda ya taɓa kashe shi da hana gona taki. Mai ciwon maƙogwaro dama haɗiya wahala take masa, kuma gashi yakan ɗauki sati 6 zuwa 7, baki yana yin miki a ciki. Wanda ya shiga da jiki shi ke iya kai wa ƙarshe. Ki dama masa kunun gyaɗa mai kauri, madarar waken suya, fura da nono, ƙwai, miyar kuka mai santsi da za ta wuce ba wuya. Zuma ma ki ba shi in ba shi da ciwon suga, tana sanyaya maƙoshi. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, ban san zuma ko habbatussauda da ta narkar da kullutun daji ba. Annabi (SAW) ya umarce mu da neman magani, kuma zuwa wurin wanda ya san ciwon yana cikin bin wannan umarni. A ci gaba da addu'a da ruƙya, a kuma hau mota.

Kai maigida, duba iyalinka, duba kanka. Kullutu a wuya da ya wuce sati 3 bai sauka ba, musamman wanda ba ya ciwo. Murya ta dishe sati 3 ba mura. Miki a harshe ko dasashi da ya ƙi warkewa. Hanci ɗaya a toshe yana haɓo, ko kunne ɗaya ya toshe ga babba ba dalili. Abinci yana tsayawa a wuya. In kana shan sigari ko shisha, ko kana sa garin taba a baki, naka ya fi gaggawa. Fara da Babban Asibitin Funtua ko na Malumfashi, ka ce a ba ka takardar zuwa wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai su a Shika, akwai cibiyar kunne ta ƙasa a Kaduna, sannan a Yulin 2025 an buɗe sabuwar cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Wanda kuma likita ya riga ya tura hoton PET, ka faɗa musu in kana da ciwon suga, mace ta faɗa in tana da ciki ko tana shayarwa. Bayan an yi allurar kada ka yi ta hira ko taunar wani abu, har goro, domin naman da ke motsi yana jan sukarin ya ɓata hoton wuya. In an gama ka sha ruwa da yawa, ka ɗan nisanci jarirai da masu ciki na wasu awanni.

Ita baiwar Allah ta ce min ranar Litinin za su tafi Shika. Ku sa maigidanta a addu'a, Allah Ya sa a ji alheri.